Wasiƙa zuwa ga Kabiru a Minesota, kan dattijon da ke ganin ajalin mutane

Zariya

Aminina Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyi, ya kuma aiki? Mu nan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari. Ranar Juma'a na leƙa gida na gaida Hajiya, na same ta lafiya lau, ta ce in faɗa maka ka riƙa haɗa ta da jikokinta a waya ko da sau ɗaya ne a mako.

A saƙonka na baya ka ce dare yana yi maka tsawo tun da rana ta fara faɗuwa da wuri a wajenku, ka nemi in zaɓa maka abin kallo wanda ba zai ɓata maka lokaci ba. Abu ɗaya tak zan ba ka, bai ma kai awa guda ba, kuma labarinsa a garinku na Saint Paul aka ce ya faru, ko da yake a Vancouver ta Kanada aka ɗauke shi. Kashi na huɗu ne a zango na uku na shirin The X-Files, sunansa "Clyde Bruckman's Final Repose", wato hutun ƙarshe na Clyde Bruckman. Tashar Fox ta fara nuna shi ranar 13 ga Oktoba 1995. Darin Morgan ya rubuta, David Nutter ya ba da umarni. Zan ba ka labarin har ƙarshe, don na tabbata sanin ƙarshen ba zai rage maka komai ba, kuma abin da nake son mu tattauna yana can ƙarshen.

Ka san tsarin shirin, wanda Chris Carter ya ƙirƙira aka fara shi a 1993: jami'an hukumar FBI biyu, Fox Mulder da Dana Scully, ana tura su binciken laifuffukan da hankali ya kasa warwarewa. Mulder mai saurin gaskata abin al'ajabi ne, Scully kuwa likita ce, sai ta gani da idonta ta auna. A wannan kashin wani mutum ne yake bin masu duba ɗaya bayan ɗaya yana kashe su, mai duban tafin hannu, mai duban ganyen shayi, mai duba da kati. 'Yan sanda sun rasa ta cewa, har suka gayyato wani shahararren ɗan duba na talabijin mai suna Yappi. Ya shigo ɗakin da aka yi kisan yana ɗaga gira yana shaƙar iska, ya ce a fitar masa da Mulder domin yana toshe masa gani, sannan ya siffanta mai laifin da siffar da za ta dace da rabin mazan garin. 'Yan sanda suka bi shi suna rubutawa.

Sai ga Clyde Bruckman, dattijo mai sayar da inshorar rai, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya. Ya fita zubar wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa shara, ya tarar da gawar ɗaya daga cikin matan a cikin bola. Da aka zo yi masa tambayoyi sai ya faɗi abin da aka yi wa idanunta, alhali bai juya gawar ba. Nan Mulder ya gane akwai wani abu tattare da shi. Abin kuwa guda ɗaya ne: idan ya dubi mutum yana ganin yadda zai mutu. Ba ya ganin arziki, ba ya ganin aure ko haihuwa, yana sayen tikitin caca kuma bai taɓa ci ba. Mutuwa kawai.

Akwai wata fitowa tun farko-farko da nake so ka kalla da natsuwa. Bruckman yana zaune gaban wani matashi da matarsa yana ƙoƙarin sayar musu da inshora, shi kuma matashin ya fi son ya sayi jirgin ruwa da kuɗin. Dattijon ya yi ta lallashi, da ya ga ba ya ji sai ya fashe ya faɗa masa cewa nan da shekara biyu zai mutu a haɗarin mota a kan hanyarsa ta komawa wajen matarsa da 'yarsa. Mai kallo yakan yi dariya a wurin, don ba a taɓa ganin ɗan kasuwa ya kori ciniki da bakinsa haka ba. Ni kuwa abin da na gani shi ne mutumin da ya zaɓi sana'a ɗaya tilo da saninsa zai iya amfanar wani a cikinta. Ba zai hana mutuwar ba, amma zai iya sa marayu su sami abin riƙewa. Kuma ko wannan ɗin ba a saurarensa.

Yadda ya ce abin ya same shi ma ya tsaya mini a rai. Ya danganta shi da haɗarin jirgin saman nan na ranar 3 ga Fabrairu 1959 kusa da Clear Lake a jihar Iowa, wanda ya kashe mawaƙa uku: Buddy Holly, Ritchie Valens da wanda ake kira The Big Bopper. A faɗar Bruckman, Big Bopper ya sami kujera a jirgin ne ta hanyar jefa kwabo. A tarihi dai Valens ne ya ci kujera da kwabo, shi Big Bopper mura ce ta sa mawaƙi Waylon Jennings ya bar masa tasa, amma wannan bai taɓa ma'anar ba. Dattijon ya ce ya yi ta tunanin ƙananan abubuwan da sai da suka haɗu, a rayuwar mawaƙin da ta mutane da yawa, kafin ran mutum ya rataya a kan fuskar kwabo ɗaya. Ya yi ta juya wannan tunani har ya wayi gari ba ya ganin komai a fuskar mutane sai ƙarshensu. Babu aljani, babu tsafi, babu gado daga kakanni. Mutum ne ya ƙura wa mutuwa ido har ta rufe masa sauran duniya.

Mu kan ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma gaskiya ne a mafi yawan al'amura. Amma wannan labari ya tuna mini akwai sanin da aka ɓoye mana don rahama. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai kuma san a wace ƙasa zai mutu ba. Tun muna makarantar allo muke jin ta a matsayin iyakar ɗan Adam. Sai da na ga fuskar wannan dattijo na ji ta a matsayin kyauta. Ka ɗauka kana ganin ajalin kowane yaro da ka ɗauka a hannu. Wa za ka iya so da zuciya ɗaya? Bruckman ba shi da mata, ba shi da aboki, kuma shirin bai tsaya yi maka bayanin dalili ba, ya bar ka ka gane da kanka.

Kada ka ce abokinka ya fara gaskata 'yan duba. Ƙage ne, kuma shi kansa labarin bai raga musu ba: duk masu duban da aka kashe babu wanda ya hango wuƙar da ke zaune a gabansa. Yappi kuwa, in ka cire masa kwat ɗin, shi ne bokan da muke gani a finafinanmu na Hausa, mai jan ƙyalle da babbakewa da dariya. Maƙaryacin shi ke da suna da kuɗi da talla a talabijin. Wanda aka ƙaddara a labarin cewa yana gani da gaske, shi ba ya son ganin, kuma bai taɓa karɓar sisi a kansa ba.

Yanzu ga mai kisan. Ma'aikacin otal ne mai kai wa baƙi kaya da abinci, ba a ma ba shi suna ba. Shi ma yana hango abubuwa, yana ganin kansa yana aikata ta'asa kafin ya aikata, don haka yake jin kamar wani ne ke jan zarensa. Abin da ke kai shi wurin masu duba tambaya ɗaya ce: me ya sa nake yin abin da nake yi? In sun kasa amsawa ya kashe su. Hukuma ta ɓoye Bruckman a wani otal don kare shi, ashe otal ɗin da mutumin ke aiki ne. Ɗan sandan da ke gadinsa, Havez, ya shiga banɗaki shan taba bayan ya gargaɗe shi kada ya buɗe wa kowa ƙofa. Aka ƙwanƙwasa, Bruckman ya buɗe. Su biyun suka zauna suna hira cikin ladabi, mai kisan ya yi tambayarsa, dattijon ya amsa masa kai tsaye cewa yana yin haka ne domin shi mahaukacin makashi ne, ba wani abu ba. Sai ka ga fuskar mutumin ta washe, kamar an sauke masa kaya. Havez ya fito, mai kisan ya kashe shi.

A nan nake so mu tsaya, Kabiru, domin a nan na rabu da mafi yawan sharhin da na karanta.

Yabo dai kashin ya sha shi, kuma ya cancanta. A bikin Emmy na 1996, wato na karrama shirye-shiryen talabijin a Amurka, Darin Morgan ya karɓi kambun rubutu a rukunin wasan kwaikwayo mai dogon zango, Peter Boyle wanda ya fito a Bruckman ya karɓi na baƙon jarumi. A 1997 mujallar TV Guide ta fitar da jerin kashi ɗari mafiya kyau a tarihin talabijin, ta sa shi na goma. Entertainment Weekly ta ba shi maki mafi girma da take bayarwa. Har yau in masu sharhi suka tashi jera mafiya kyawun X-Files, da wuya ka ga bai shiga sahun farko ba. Abin da suka fi yabawa shi ne yadda aka cuɗa ban dariya da baƙin ciki ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba, sai wasan Boyle, sai kuma tambayar nan ta ko mutum na da zaɓi ko komai a rubuce yake.

Duk na yarda. Abin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba shi ne buɗe ƙofar nan. Ana yawan kallon Bruckman a matsayin bawan Allah mai hikima wanda duniya ta zalunta, shi kuma mai kisan a matsayin kishiyarsa. Ni ina ganin ciwo ɗaya ke damunsu. Dukansu sun hango gobe, dukansu suka yanke cewa tunda an rubuta, ba ruwansu. Ɗaya ya mai da ƙaddara hujjar kisa, ɗayan ya mai da ita hujjar naɗe hannu. Havez ya tambayi dattijon ko ciwon huhu ne zai kashe shi, ya ce masa a'a, ya yi shiru a kan sauran. Ya san abin da ke tafe, an ce kada ya buɗe, ya buɗe. Tausayinsa da nake ji bai hana ni ganin cewa da hannunsa a jinin mutumin nan ba.

Ka tuna muhawarar da muka sha yi a ɗakin kwananmu na Samaru kan "ƙaddara ta riga fata", kai kana cewa mutanenmu sun mai da maganar matashin kai? A lokacin ina ganin ka cika zafi. Wannan kashin ya tsaya a ɓangarenka. Malamanmu sun ba mu labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce na'am, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan fahimtar ce Bruckman ya rasa. Ya yi imani da rubutu, bai yi imani da cewa motsinsa ma yana cikin rubutun ba.

Kuma labarin da kansa ya ƙaryata shi, wannan ne ya sa nake ganin Morgan ya san abin da yake yi. Tun da farko dattijon ya hango mai kisan yana bin Mulder a cikin wani kicin, Mulder ya taka wani kek na ayaba da ya faɗi ƙasa, a yanka masa maƙogwaro ta baya. Komai ya zo yadda aka faɗa: kicin ɗin otal, kek ɗin a ƙasa, wuƙar. Sai ƙofar lif ta buɗe, Scully ta fito ta harbe mutumin. Yana faɗuwa yana mamakin cewa ba haka ya kamata abin ya kasance ba. Da Mulder ya tambaye ta yadda aka yi ta san inda suke, ta ce ba ta sani ba, kuskure ta yi ta shiga lif ɗin ma'aikata. Wani zai ce marubuci ne ya rasa mafita ya jefo sa'a. Ni kuwa ina ganin amsar kwabon nan ce. In ƙaramin abu zai iya kai mutum cikin jirgin da zai faɗi, ƙaramin abu zai iya fitar da wani daga bakin wuƙa. Bruckman ya shafe rayuwarsa yana kallon fuska ɗaya ta kwabon.

Sashen binciken laifin kansa ba shi da wani zurfi, kada ka sa rai. Zaren leshi da aka tsinta a wuraren kisan, da katin duba mai hoton ɗan aike, su suka sa Scully ta gano ma'aikacin otal ne. Shi ke nan.

Abin da ya fi kama ni a duk kashin shi ne Scully. Mulder, mai gaskatawa, ya ɗauki dattijon kamar na'urar bincike. Yana miƙa masa kayan matattu ɗaya bayan ɗaya ya taɓa, yana zumuɗi, bai lura mutumin na shan azaba ba. Scully ba ta yarda da baiwar ba ko kaɗan, amma ita ce ta zauna da shi a ɗakin otal suna kati suna hira, ita ce ta dube shi a matsayin tsoho mai kaɗaici. Ya gaya mata ya hango ƙarshensu tare a kan gado, tana riƙe da hannunsa, hawaye na zuba a fuskarsa. Ta ɗauka zancen banza ne na tsoho, ta yi murmushi ta ce ya yi kuskure. Daga baya ta kasa daurewa ta tambaye shi yadda ita za ta mutu, ya ce mata ba za ta mutu ba. Masoya shirin sun shafe shekaru suna gardama a kan wannan amsa, har a 1999 Vince Gilligan, wanda daga baya ya ƙirƙiri Breaking Bad, ya rubuta wani kashi mai suna "Tithonus" da ya ƙara rura zancen. A nawa ganin, mutumin da ya saba faɗa wa mutane mummunan labari ya sami mutum ɗaya da yake ƙauna har ya ƙi ɗora mata kayan da ya danne shi. Alheri ne ya yi mata, irin wanda shi ba a yi masa ba.

Bayan an gama da mai kisan suka koma gidan Bruckman. Suka tarar da takarda yana roƙon Scully ta karɓi ɗan karen maƙwabciyarsa, wadda ta rasu a daren. A ciki kuma ga shi kwance a kan gado, ya kashe kansa. Scully ta zauna a gefensa ta kama hannunsa, ɗigon ruwa ya gangaro a fuskarsa. Abin da ya faɗa ya tabbata.

Sunan kashin ya kira wannan hutu, kuma an ɗauki fitowar da taushi ƙwarai. Ni ban iya karɓarsa a matsayin hutu ba, kuma ba don addini kaɗai ba, ko da yake ka san matsayinmu a kan wanda ya kashe kansa. Duba da kyau: cikin duk abin da ya hango, nasa ne kaɗai ya cika da hannunsa. Na Mulder ya warware a daidai lokacin da shi ya bar otal ɗin ya tafi gida. Da ya jira awa ɗaya, da ya ga hujjar farko a rayuwarsa cewa abin da yake gani ba dole ne ya faru ba, da kuma ya ga akwai wadda ta damu da shi. Wannan ne ya sa kashin ya yi mini ciwo fiye da yadda masu sharhi suka shirya ni.

Akwai wani nauyi kuma a bayan sunan. Clyde Bruckman mutum ne na gaske, marubucin finafinan barkwanci tun zamanin da fim ba ya magana. Shi da ɗan wasan barkwanci Buster Keaton suka ba da umarnin fim ɗin The General na 1926, ya kuma yi aiki da Harold Lloyd da W. C. Fields. Da aiki ya ƙare masa, ya kashe kansa a Santa Monica ta Kalifoniya a 1955, da bindigar da ya aro wurin Keaton. Sunayen 'yan sandan labarin ma, Cline da Havez, na abokan aikin Keaton ne. Wato Morgan, wanda aka sani da barkwanci tun kashinsa na farko "Humbug", ya ɗauko sunan mai ba mutane dariya da ya mutu cikin baƙin ciki ya ɗora wa jaruminsa. Shi da kansa ya faɗa cewa yana cikin damuwa lokacin da ya yi rubutun, kuma ana jin hakan a kowane layi.

Peter Boyle kuwa, in ka san shi a matsayin tsohon nan mai faɗa a Everybody Loves Raymond, za ka sha mamaki. An sa sunansa takarar Emmy sau bakwai saboda wancan shiri bai ci ko ɗaya ba. Kambunsa ɗaya tilo na wannan fitowa guda ce. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru a wata ƙungiyar masu ibada ta Katolika kafin ya bari, kuma a 1990 ya yi fama da shanyewar jiki da ta hana shi magana na wani lokaci. Ina jin mutumin da ya bi ta waɗannan hanyoyi ne kaɗai zai iya faɗin mutuwar wani da irin wannan murya, a gajiye, ba tsoratarwa, ba nuna gwaninta. Ya rasu a watan Disamba 2006.

Shawarata kada ka kalla da yara, akwai gawarwaki da 'yan maganganun manya. Ka bari sai gida ya yi shiru. In ka gama ka rubuto mini ra'ayinka a kan abu biyu: ko kana ganin laifin Bruckman a mutuwar Havez kamar yadda nake gani, da kuma yadda ka fahimci amsar da ya ba Scully. Kai da kake aikin dare a asibiti kana zama da mutanen da likita ya riga ya gaya musu kwanakinsu, na san za ka ga abin da ni ban gani ba, kuma ina son in ji yadda suke ɗaukar wannan sani, su da iyalansu.

Maganar filin nan na Hajiya, an kammala takardun, zan aiko maka hotonsu ta WhatsApp cikin makon nan. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara. Iyalina duk suna gaishe ku. Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Aminu